Mai shago ya ce shekara goma: kwamfuta mai sanyin ruwa a zafin Jidda

Abu Hanif, Jidda: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawara kafin in aikata abin da zan zo ina cizon yatsa. Kun san sana'ata, tace bidiyon biki da na 'yan Umara, sai zanen gine-gine da na fara karɓa daga wani ofishin injiniyoyi tun bara. Kwamfutata ta gaji. In na sa ta fitar da zane ɗaya, sai in je masallaci in dawo in ci abinci ba ta gama ba. Kusan shekara biyu ina tara kuɗi. Jiya wani mai shago ya rubuta mini wannan: furosesa Ryzen 9 9950X3D, madabod (babban allon da ake dasa komai a kai) X870E, katin hoto RTX 5090, RAM giga 64, fawa saflai wat 1200, ma'ajiyar SSD tera 4. Sai sanyin ruwa haɗin hannu, ba irin wanda ake sayarwa a kulle ba: famfo D5, lagireto biyu masu tsawon milimita 360, bututu mai tauri, ruwa mai kalar madara, kuma ruwan zai bi ta kan furosesa da katin duka. Jimla riyal dubu 33, kayan ruwan kaɗai dubu 6 da ɗari 5. Ya rantse mini shekara goma ba zan sake leƙa kasuwa ba. Masana, haka ne?

Ɗan Madina: Wa alaikumus salam. Dubu 33! Yaya Abu Hanif, wannan ai kuɗin lefe ne har da na gaisuwar iyaye. Mu da muke jiran mukafa'a, kuɗin watan ɗalibai, bari mu koma gefe mu sha kallo.

Injiniya, Riyad: Wa alaikumus salam ƙanena. Kayan da ya rubuta maka masu kyau ne, ba zan kushe su ba. Maganar shekara goman ce ban yarda da ita ba, kuma ba don ƙarfin kayan zai ƙare ba.

Bari in tuna maka wani abu. A 2016 Intel ta fitar da furosesa Core i7-6950X, ƙwaƙwalwa goma, sama da dala 1,700 shi kaɗai. Duk wanda ya saya a lokacin, abin da aka gaya maka jiya shi aka gaya masa. Da Windows 11 ta fito a 2021, Microsoft ta ja layi: daga Intel zubi na takwas zuwa sama, daga Ryzen 2000 zuwa sama, kuma sai da sashen tsaro na TPM 2.0. Wancan furosesa mai tsada bai shiga jerin ba. Ranar 14 ga Oktoba 2025 aka rufe tallafin Windows 10 na kowa da kowa. Har yau injin yana da ƙarfinsa, lafiyarsa ƙalau, amma ya zama kamar ƙaton namiji mai jini a jika wanda igamarsa, takardar izinin zama, ta ƙare. Kowa a zauren nan ya san yadda wannan take. Ba gajiya ce ta kayar da shi ba, takarda ce.

Haka masu sayen katin hoto biyu su haɗa su yi aiki tare ta fasahar SLI, wai don gobe. Nvidia ta daina yi wa sababbin wasanni tsarin SLI tun farkon 2021, da RTX 4090 ya zo a 2022 ko mahaɗar ba a saka masa ba. Kuɗin kati na biyun ya bi ruwa.

Sarkin Wasa, Dammam: Yaya Injiniya, ka ɗauko misalan da suka yi maka daɗi. Ina ka bar GTX 1080 Ti? Maris 2017, dala 699, giga 11. Mutane sun mori katin nan shekara bakwai ba su ji kunya ba. Soket AM4 fa, gurbin da furosesan AMD ke zama a kan madabod? Ya fito 2016, a 2022 aka ba shi furosesa 5800X3D, har a 2024 AMD tana fitar masa da sabon furosesa. Wanda ya sayi madabod mai kyau a 2017 ya sauya furosesa kawai ya ci gaba da harkarsa. Saboda haka sayen na sama yana biya. Mai sayen arha shi ke komawa kasuwa sau uku.

Injiniya, Riyad: Na yarda da duka biyun. Amma tambaye ka zan yi: a 2017 wa ya san haka za ta kasance? Babu. Yanzu ne muke waiwaye muna cewa ga zakara. Kuma shi zakaran ma ina ya tsaya? Doom: The Dark Ages da ya fito a Mayun 2025 ba ya ko tashi a kan 1080 Ti, saboda katin ba shi da sashen bin hasken nan da aka fara sakawa daga RTX 20. A Oktoban 2025 kuma Nvidia ta tsayar da direbobin wasanni na wannan zubin, saura na toshe ɓaraka kawai. Shekara takwas ke nan, ga katin da kowa ya yarda ba a yi irinsa ba wajen daɗewa. To mai shagon Abu Hanif daga ina ya samo goma?

Sarkin Wasa, Dammam: Takwas da goma ai Juma'a ce da Asabar.

Injiniya, Riyad: A bakin mai sayarwa, ba a aljihun mai saya ba.

Abu Hanif, Jidda: Ni fa ba wasa zan yi da ita ba sosai, aiki ne. Wannan bai canza lissafin ba?

Injiniya, Riyad: Ya canza, kuma ta wajenka ya karkata. A cikin duk takardar nan, abin da na ga zai saya maka shekaru da gaske shi ne giga 32 ɗin da ke kan katin. A aikin zane, in katin ya yi jinkiri, jira kawai za ka yi, ka sha shayi ka dawo. Amma in ginin da ka zana da bishiyoyinsa da kujerunsa da labulayensa bai shiga cikin ma'ajiyar katin ba, ko dai manhajar ta tsaya cak, ko ta koma jan ƙafa har ka fidda rai. Jinkiri ana haƙuri da shi, rashin wuri ba a yi. Shi ya sa RTX 3090 na 2020, mai giga 24, har yanzu ake nemansa a hannu, musamman masu gwada manhajojin ƙirƙirarriyar basira a gida, alhali wasu katunan da suka zo bayansa masu giga 8 an fara juya musu baya. In aikinka yana cika ma'ajiyar katin da kake da shi yanzu, to 5090 ba almubazzaranci ba ne. In kuma ba ka taɓa dubawa ba, duba yau kafin ka biya. Buɗe zanenka mafi nauyi, ka ga giga nawa yake ci.

Soket ɗin ma ka dace. AM5, wanda ke kan madabod ɗin da aka rubuta maka, ya fito a Satumban 2022, kuma AMD ta faɗa da bakinta za ta riƙe shi har 2027 ko fiye. Alkawarin kamfani ne, ba wahayi ba, amma sun cika na AM4.

Abu guda a kan RAM: ka tabbata sanda biyu ne masu 32, ba huɗu masu 16 ba. Kuma kada ya ce maka "gobe ka ƙara biyu". DDR5 in aka cika ramuka huɗu gudunsa yakan faɗi sosai a AM5. In kana ganin za ka buƙaci fiye da 64, sayi biyu masu 48 tun yanzu, in aljihu zai ɗauka, don tun ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi.

Bature, Jidda: Ni dai Intel na sani. Duk wannan AMD ɗin yayi ne.

Sarkin Wasa, Dammam: Malam Bature, kana ina a 2024 lokacin da Intel da kanta ta amsa cewa zubi na 13 da na 14 suna da matsalar wuta, ta fitar da gyara ta BIOS, ta ƙara garanti shekara biyu? Kuma soket ɗinsu LGA1700 an rufe shi, an koma LGA1851.

Admin: Don Allah kada a mayar mana da zauren nan filin ƙwallon Hilal da Ittihad. Tambayar bawan Allah a kan ruwa da daɗewa take.

Mai Lagireto, Makka: Salamu alaikum. Ni ba injiniyan kwamfuta ba ne, gyaran lagireto da mukayyif (AC) na mota nake yi a sina'iyya, unguwar makanikai, shekara goma sha tara. Amma ɗana ya sa ni na haɗa masa irin wannan, kuma da na buɗe kayan sai na ga ai sana'ata ce aka ƙanƙanta aka sa mata fitilu. Bari in faɗi abin da na sani.

Na farko, Abu Hanif, ruwa ba ya kashe zafi. Ɗaukarsa yake daga nan ya kai can. Kuma lagireto ba zai taɓa sanyaya ruwa ƙasa da iskar ɗakin ba, ko guda goma ka jera. In ɗakinka yana digiri 24, ruwan zai zauna wajen 34 zuwa 38 in aiki ya yi nauyi. In mukayyif ya tsaya a watan Yuli ɗakin ya kai 38, ruwan ya doshi 50. Waɗanda kake gani a YouTube suna nuna lambobi masu daɗi, a ƙasashen da ake kwana da bargo suke.

Na biyu, yi lissafi da ni. Katin nan an rubuta masa wat 575. Furosesa 170, in ya ɗau kaya yana haurawa. Haɗa da sauran tarkace da allon kallo, ka doshi wat 900. A ma'aunin zafi na BTU, kowane wat ɗaya 3.4 ne a awa, ka ga wajen BTU dubu 3 ke nan. Mukayyif ɗin da yawancinmu ke da shi a ɗaki dubu 18 ne. Wato kashi ɗaya cikin shida na ƙarfinsa kwamfutar ce za ta cinye, ko da ruwa ko da fanka, duk ɗaya ne. Hita ka saya, mai kyan gani.

Lagireto biyu masu 360 a kan wannan zafin, ni a wurina daidai wa daida ne, babu rara. Za su riƙe, amma fankokin sai sun yi gudu, shirun da aka saya don shi kuma ya ragu. Ga ƙurarmu. Wata uku ba ka hure shi ba, haƙarƙarin lagireton ya yi bargo.

Abu Hanif, Jidda: Kawu, Allah ya saka da alheri. To ruwan fa? Wani ya ce mini ruwan da ke ɗiga daga mukayyif tatacce ne, kyauta.

Mai Lagireto, Makka: Kul! Wannan ruwan ya wanko ƙura da ƙwayoyin cuta da ƙarfen cikin mukayyif kafin ya iso bokitinka. Ruwan famfo ma a'a, na tahliya ne, bayan an cire gishirin teku ana mayar masa da ma'adinai don a iya sha. Tataccen ruwa na kwalba za ka nema, irin wanda ake ƙara wa batir, amma ka karanta jikin jarkar da kyau kada a ba ka mai asid. Sai ka zuba maganin hana tsatsa da gansakuka, ko ka sayi wanda aka riga aka haɗa, garai-garai marar kauri.

Kuma ka tambaye shi ƙarfen kowane abu. Jan ƙarfe da tagulla da nikel suna zama lafiya. Ka sa alminiyam a cikinsu, ruwa ya haɗa su, to ka yi batir, alminiyam ɗin zai riƙa cinyewa a hankali har ya huje. Abin da nake gani kullum a motocin da aka zuba wa ruwan famfo.

Sarkin Wasa, Dammam: A nan kam ina bayan Kawu, kuma ni ne ganau. Ruwa mai kalar madarar nan na taɓa sawa, saboda hoto. Wata bakwai, zafin kati ya riƙa hawa ba dalili. Da na kwance farantin ruwan da ke manne da katin, siraran layukan da ruwa ke bi sun toshe da wani abu kamar kamu. Juma'a guda cur na yi da buroshin haƙori. Tun daga nan ruwa fari nake sawa, in canza sau ɗaya a shekara.

Amma kada a tsorata shi gaba ɗaya. Tun 2019 nake da famfona D5 da lagireto biyu da mahaɗai. Na canza madabod sau biyu, kati sau biyu, su suna nan. Zaren mahaɗan G1/4 ne, kusan duk kamfanoni shi suke bi shekara da shekaru, na da yana shiga na yanzu. Farantin furosesa na ma daga AM4 ya haye AM5 da ni. In ana maganar abin da zamani ba ya wucewa da sauri, to kayan ruwan sun fi komai a cikin akwatin. Ga shiru. Ni ina kwana ɗaki ɗaya da tawa tana aiki, ba na jin ta.

Injiniya, Riyad: Faɗi sauran mana. Farantin katin fa?

Sarkin Wasa, Dammam: Hhh, to. Wannan kam tare da katin yake mutuwa.

Injiniya, Riyad: Yauwa. Abu Hanif, ka riƙe wannan. Farantin ruwan da ake ɗaura wa katin hoto ana yanka shi ne daidai da allon wannan katin, ba ma 5090 kawai ba, 5090 na wannan kamfanin, wannan samfurin. Ranar da ka canza kati, farantin ya zama abin danne takarda. Bututu mai tauri kuma an lanƙwasa shi ne daidai da inda bakin farantin yake, sabon kati ya zo da baki a wani wuri, sai sabon lanƙwasa. Wato abin da ya fi saurin tsufa a kwamfutar shi ne ka ɗaure da igiya mafi wuyar kwancewa. Mai fanka minti biyar ya zare kati ya sa wani. Kai sai ka zubar da ruwa, ka kwance, ka nemo faranti, in ma akwai shi a ƙasar. Ko manyan masu ƙera su ba su da tabbas, EK ta Sulobeniya, wadda ta fi kowa suna a harkar, ta shiga matsalar kuɗi a 2024 har shugabanta ya fito ya ba da haƙuri.

Kuma ruwa ba ya ƙara wa katin giga ko ɗaya. Ranar da manhajarka ta ce sai sabon abu, sanyin katin ba zai cece shi ba.

Maman Iman, Jidda: Salamu alaikum. Ina ta karantawa ina shiru, amma aikin lissafi nake yi, hannuna yana ƙaiƙayi. Malam Abu Hanif, kuɗin wuta ba shi ne damuwarka a nan ba. Ka ce wat 900, awa shida kullum, kwana talatin, kilowat 162 ke nan. A halala 18 kowane kilowat (halala ɗari ce riyal ɗaya), riyal 29 da 'yan kai, da harajin kashi 15 ya kama 33 ko 34. Kuɗin buros ne, soyayyar kazar yara. Ko ka ƙara abin da mukayyif zai ci don kwashe zafin, ba zai karya ka ba.

Inda kuɗin yake ɓuya shi ne ranar sayarwa. Mijina yana saye da sayarwa a Haraj, kasuwar kayan hannu, ina ganin yadda ake yi. Kati da fankarsa ta asali da kwalinsa da fatura, wato rasit, kwana biyu an ɗauka. Kati da aka kwance aka sa wa farantin ruwa, kowa tsoro yake, sai tambaya: ya taɓa yoyo? wa ya kwance? garanti fa? Dubu 6 da ɗari 5 ɗin nan, in ka tashi sayarwa ba na jin za ka ga rabinsu. In dai ka nace sai ruwa, to ka karɓi fankar katin ta asali da duk sukurorinta ka adana a kwali, kada ka bar wa mai shago. Kuma ya rubuta maka a fatura, ba da baki ba, wa ke da alhakin garanti bayan an kwance katin, da wa zai biya in haɗinsa ya yi yoyo a kan madabod.

Ni da kuɗina ne, da na ajiye dubu shidan a gefe, bayan shekara huɗu in sayar da katin in cika in sayi na lokacin.

Sarkin Wasa, Dammam: Hajiya, da wannan lissafin ai ba wanda zai sayi mota mai kyau, kowa sai Corolla.

Maman Iman, Jidda: Shi ma ai bai tambaye mu ko tana da kyau ba. Cewa ya yi za ta kai shekara goma? In sha'awa ce, kuɗinsa ne, Allah ya sa albarka. Amma a kira ta sha'awa, kada a sa mata rigar tattali.

Ɗan Mai Wurno, Jidda: Ku ba ni dama in sa baki. Ni a Khartum nake da shagon buga takardu da zane kafin yaƙi. Ina da babbar kwamfuta, ba mai ruwa ba ce, amma na kashe mata abin da nake da shi, ni ma ina cewa ta shekaru ce. Da abin ya ɓarke a watan Afrilun 2023, da muka tashi fita, abin da na iya yi shi ne na kwance SSD na sa a aljihun jallabiya, na zare RAM, na ɗauki laftof. Sauran na rufe ƙofa a kansu. Ta Bur Sudan muka fito. Wannan ɗan abin da bai kai yatsa biyu ba, shi ne na ci gaba da cin abinci da shi a nan, don duk aikin kwastomomina yana ciki.

Ba ina yi maka fatan tsiya ba ne ɗan'uwa, Allah ya tsare ƙasar nan da taku. Amma kowa yana ta maganar goben kwamfuta, ba wanda ya tambayi goben mai ita. A cikin dubu 33 ban ga ko riyal ɗaya na wurin ajiye kwafin aikinka ba.

Abu Hanif, Jidda: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, ya kawo zaman lafiya Sudan. Wallahi ban yi tunanin wannan ba, hadis (hard disk) guda nake da shi na waje, shi ma ya kusa cika.

Alhaji Babba, Makka: Amin. Yaron nan na Mai Wurno ya riga ni. Abu Hanif ɗana, igamarka a hannun wa take, kuma shekara nawa ka tabbatar za ka ƙara a nan? Ni shekarata talatin da ɗaya a ƙasar nan, na raka mutane filin jirgi ba adadi, waɗanda da safe suke ganin suna nan daram, kafili, ubangidan da igamarsu ke hannunsa, ya rufe kamfani, wata biyu an buga musu khuruj, bizar fita ƙasa. Wasu kuɗin iyali ne ya kore su, riyal 400 kowane wata a kan kowane kai ba wasa ba ne. Baƙo raɓa ne.

To ka ɗauka ranar ta zo. Jakar jirgi kilo 23 ce. Akwatin gilashi da lagireto biyu da tanki ya wuce haka. Kago za ka ba, kuma ka san yadda ake jifa da kaya. Ka isa Kano, ga wutar gida yadda take. Wat 900 a kan inbata, batir nawa ke nan?

Bamakke: Baba Alhaji, da girmanka, ba kowa ne raɓa ba. Wasunmu nan aka haife mu, nan aka haifi iyayenmu, ba mu san wata Kano ba sai a labari.

Alhaji Babba, Makka: Na sani ɗana, ba da ku nake ba. Shi na san shekarar da ya zo.

Injiniya, Riyad: A kan wutar gida, fawa saflai ɗin ba ruwansa, yana karɓar bolt 100 zuwa 240, ko hertz 60 na nan ko 50 na Najeriya. Jan wutar ne matsala. Kuma akwai dabara: katin nan ana iya rage masa wuta a manhaja. Ka saukar da shi wajen wat 450, abin da za ka rasa na gudu kaɗan ne, zafi ya ragu, ƙara ta ragu. Ni ko a nan haka zan ba ka shawara, saboda wayar da ke ba shi wuta, 12V-2x6, iyakarta wat 600, katin yana jan 575, tazarar ta yi kaɗan. An ga masu narkewa a 4090 tun 2022, an kuma gani a 5090. Ruwanka ba ya bi ta kan wannan mahaɗar. Ka tura ta har ta yi ƙas, kada a lanƙwasa wayar dab da baki, kuma ka yi amfani da wadda ta zo da fawa saflai ɗin, ba mai ado da aka saya daban ba.

Mai Lagireto, Makka: In tafiya tana cikin lissafi, manta da bututu mai tauri. Sa baƙin tiyo na roba, EPDM, irin dangin wanda ke cikin mota. Ba ya tsagewa, ba ya sakin dauɗa a ruwa, jijjiga ba ta dame shi ba, kuma in za ka canza kati kana iya ɗaga shi gefe. In mai taurin kake so dole, tambaye shi PETG ne ko akirilik. PETG in ruwa ya doshi digiri 60 yakan yi laushi a bakin mahaɗa, ranar da famfo ya tsaya ba ka lura ba, ko mukayyif ya mutu kana waje ka bar ta tana aiki, daga nan ɗiga ke farawa. Kuma ya sa maka bakin zubar da ruwa a can ƙasa. Da yawa ba sa sawa, sai ranar wanki mutum ya rungumi akwati yana juyawa kamar mai tankaɗe.

Sarkin Wasa, Dammam: Baƙin tiyo ba ya kyau a hoto, Kawu.

Mai Lagireto, Makka: Kwastomansa zane yake biya, ba hoton cikin akwati ba.

Ɗan Madina: Ni tambayata ɗaya. In famfon ya mutu ranar Alhamis da dare, ga bidiyon amarya za a karɓa Asabar, ya ake yi?

Sarkin Wasa, Dammam: D5 ba ya mutuwa haka kawai, awa dubu 50 ake rubuta masa.

Injiniya, Riyad: Raba dubu 50 da awannin shekara, 8,760. Bai kai shekara shida ba in ba a kashewa. Awa goma a rana kuma ya haura goma sha uku, to wannan da sauƙi. Amma tambayar yaron tana nan. Famfo guda ne, kuma furosesa da kati duk a kansa suke. Fankar sanyin iska in ta mutu, kowane shago a Jidda akwai, riyal kaɗan, ƙarfen ma yana ɗan kwashe zafi kafin ka sauya. D5 kuwa wataƙila sai an aiko maka daga Riyad ko daga waje. Mai wasa zai jira. Mai aikin mutane ya sayi famfo na biyu ya ajiye, a ƙara a lissafi.

Abu Hanif, Jidda: Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Na buɗe zanen otal ɗin da nake kai yanzu kamar yadda Yaya Injiniya ya ce, giga 8 ɗin katina a cike suke maƙil, har yana ara daga RAM. Don haka 5090 yana nan. RAM zan tambayi farashin biyu masu 48. Katin zan bar shi da fankarsa, ba za a kwance ba. Abin da ya rage daga kuɗin ruwan zan sayi hadis biyu na ajiya da UPS, batirin riƙe wuta. Furosesan ne har yanzu zuciyata ke ja, ko in yi masa ɗan haɗin ruwa da baƙin tiyo shi kaɗai, ko in sa masa babbar fanka in huta.

Sarkin Wasa, Dammam: Haɗin hannu don furosesa kaɗai asarar famfo ne, katin ne mai zafin da ƙarar. Ko ka yi duka ko ka bari. Wata shida ina nan, za ka dawo kana cewa ƙarar fanka ta hana ka barci.

Maman Iman, Jidda: In ya dawo, lagireto ba ya ƙarewa a kasuwa. A fatura dai a rubuta komai, Malam.

Abu Hanif, Jidda: In sha Allah Hajiya. Bayan Isha zan koma shagon. Kawu Mai Lagireto, in na turo maka hoton bayan akwatin za ka duba mini ko iska za ta samu hanyar fita? Inda zan ajiye ta lungu ne tsakanin tebur da bango.

Mai Lagireto, Makka: Turo. Amma tun yanzu ina gaya maka, ja ta daga bangon ko da taki ɗaya ne, kuma ɗaga ta daga kan kafet.

Ɗan Madina: Yaya Abu Hanif, tsohon katin mai giga 8 fa, nawa za ka bar wa ɗalibi? Biya biyu, rabi wannan watan.